Juyi Ɗaya a Yini

Asabar, 2 ga Jimada Ula, shekara ta 1290, bayan azahar

Ni Zakar ɗan Makinta, na Tudun Gauraka a ƙasar Haɗeja, bari in fara da abin da ba mai iya musu a kai.

Ubana masunci ne, kakana ma haka. Gora ɗaya da mamari ɗaya aka bar mini, mamarin ma rabinsa ba ƙugiya. Da hannuna na gina gidan nan, ɗaki huɗu da zaure, na cike gindinsa da ƙasa har ambaliya uku ta zo ta koma ba ta leƙa ba. Na sauke allo ina da gemu, yara na yi mini dariya. Na yi rani biyu gaban wani malami a Auyo na koyi farilla da sunna da ɗan abin da ya sawwaƙa. Rubutun nan ma ba wanda ya kama mini hannu. Na haƙa rijiya a ƙofar gida. Na share gona a bakin fadama inda kowa ya ce wurin kada ne. Na aurar da ƙanne biyu.

Abin da ya fi duka, cire kurkunu. Ba wanda ya koya mini. Wanzamai in suka ga kumburi sai su sa ƙarfe a wuta su yi sakiya, mutum ya yi wata biyu yana jan gindi, ya tashi da tabo mai faɗin bakin ludayi. Ni ba na ƙona kowa. In ƙurjin ya fashe, farin zaren ya leƙo, sai in tsoma ƙafar a ruwan sanyi, in kama kan, in naɗa shi a tsinken kaba, in juya sau ɗaya, in shafa man kaɗanya, in ɗaure, in tafi. Gobe in dawo. Juyi ɗaya a yini. Wanda ya taɓa jan tarwaɗa da zaren fatsa ya san lokacin da zare ke cewa a dakata, a yatsa ake jin sa. Tabon da nake bari ɗan ɗigo ne kamar ƙwayar dawa. Shekara goma sha ɗaya, daga nan har Kafin Hausa, kurkunu bai taɓa tsinkewa a hannuna ba.

Jiya da la'asar Bulama, mai garinmu, ya aiko baransa ya karɓe jakar kayan aikina. Aka kuma yi shela cewa daga yau a garin nan ba mai taɓa jikin mutum da aska ko tsinke ko magani sai wanda ya gada wajen ubansa.

Saboda abin da ya faru ranar Laraba ne. Ba ni da abin faɗi a kai.

Lahadi, 3 ga wata, da hantsi

Mutum bakwai na iske a zaure, kowa da tsinkena ɗaure a ƙafa, aiki bai ƙare ba. Wani saura kwana huɗu, wani yanzu muka fara. Ga ruwan sama ya zauna, kowa na son ya yafa shinkafa kafin kogi ya tumbatso. Na ce musu an hana ni. Wani dattijo ya ce, "To ni in yi yaya da wannan abin, Malam Zakar? In mayar da shi ciki?"

Na ce kada wanda ya taɓa. Su riƙa jiƙawa, su jira.

Zainaba matata ta leƙo ta ce, "Maigida, ai hannu aka hana, ba a hana baki ba. Gaya musu yadda ake yi mana."

Na ce abin ba a baki yake ba, a yatsa yake. Ta ce, "To Allah ya ba yatsa haƙuri." Ta koma daka.

Litinin, 4 ga wata, da la'asar

An ce kumburin ƙafar wadda abin ya faru da ita ranar Laraba ya kai gwiwa.

Talata, 5 ga wata, bayan azahar

Na je ƙofar Bulama. Tun da dai zan rubuta maganar da aka yi, dole in faɗi wadda ake magana a kanta. Iya Falmata ce, yayar Bulama, mijinta ya rasu tuntuni, ita ke noma kanta. Ni nake cire mata kurkunu a ƙafar dama, ranar Laraba ya tsinke, sauran ya koma ciki, ƙafa ta ɗauki wuta.

Bakari yana nan zaune a dama da Bulama, babban wanzamin garin nan, wanda ake ce wa Sarkin Aska. Ya ja wandonsa ya rufe har idon sawu kamar kullum, duk zafin nan.

Na gaisa, na ce, "Ranka ya daɗe, dokar nan da aka yi shela, wa ya kafa ta?"

Bulama ya ce, "Ni."

"A kan me ta tsaya?"

Bakari ya karɓe. "A kan abin da muka taras. Aska gado ce. Ɗan masunci ya kama kifi, ɗan wanzami ya taɓa jini. Kai Zakar, in na ɗauki homar kamun kifi na shiga ruwanku, Sarkin Ruwa zai bar ni?"

Na ce, "Baba, in ka iya iyo zai bar ka." Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba. Kowa ya san Bakari ko kududdufi kewaye shi yake.

Abin da malamina na Auyo ya gaya mana ya faɗo mini. Ya ce umarni jere yake kamar tukwanen ɗakin mata, babbar tana ƙasa, ƙarama a kanta, ƙarama a kan wannan, kuma ba a taɓa ganin ƙarama ta ɗauki babba ba. Na faɗa musu haka. Na ce ina roƙon a bar ni in kai maganar gaban alƙali a birni, a duba ko tukunyar nan tana kan 'yar'uwarta ko a iska take.

Bulama ya ɗago ya dube ni. Idonsa ya yi ja, ba na fushi ba. Ya ce, "Zakar, ita ta goye ni. Je ka wurin alƙali, ni ma zan zo. Amma ka roƙi Allah maganar jaka za mu kai, ba maganar rai ba."

Kurkunu bai taɓa tsinkewa a hannuna ba. Wannan ma ba a hannuna ya tsinke ba, ina gida.

Akwai abin da na sani game da Bakari. Na yi masa rantsuwa. Ba zan rubuta ba.

Laraba, 6 ga wata, da walaha

Mako ɗaya cif. An ce Iya Falmata ba ta gane mutane.

Laraba ɗin dai, bayan la'asar

Na ɗauki fatsa na je bakin kogi, abin da na yi shekaru ban yi ba. Ban kama komai ba. Sau biyu kifi ya ci, sau biyu na yi saurin fizga.

Alhamis, 7 ga wata, da hantsi

Zainaba ta tsare ni a tsakar gida, tana tankaɗe tana magana, ko kallona ba ta yi.

Ta ce, "Damina uku da suka wuce, wa ya kwanta a ɗakinmu na baya kwana goma sha tara, aka ce wa gari ya tafi Gumel ganin dangi? Wa ya ce shi ba zai yarda a sa masa ƙarfe ba, ya ga abin da ƙarfe ke yi? Ni na yi ta dama masa kunu, har yana cewa tsamiya ta yi yawa. Kalma ɗaya za ka faɗa gaban alƙali, Maigida, jakarka ta dawo."

Na ce na rantse.

"Kai ka rantse. Ni ban rantse ba."

Na ce in ta faɗa, ni na faɗa. Mutum ya shigo gidana da ƙafa ɗaya, ya ba ni asirinsa in riƙe masa. In na sayar da shi don jaka, gobe wa zai kwance mini zane ya nuna mini ciwonsa?

Ta ce, "Girman kan nan dai shi za mu ci da miya."

Ni ban rubuta asirin kowa ba. Maganarta na rubuta.

Juma'a, 8 ga wata, bayan azahar

Bakari ya yi wa Iya Falmata sakiya da safe. Har nan aka ji ƙararta. An ce abin da ya fito ya cika ƙwarya.

Asabar, 9 ga wata, da la'asar

Ta nemi fura.

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Na shiga ɗaki na yi raka'a biyu.

Zan rubuta wannan don ni ba na ɓoye gaskiya: in kurkunu ya tsinke ya ruɓe a ciki, tsinke ba ya da sauran aiki, sai ƙarfe. Kuma Bakari ya san inda ake sa shi. Da ni ne da na yi ta jiƙawa ina shafa mai har a yi jana'iza. Na rubuta, ba zan sake maimaitawa ba.

Litinin, 11 ga wata, da hantsi

Cikin bakwai ɗin nan, ɗaya ya gaji da jira ya juya da kansa, Allah ya tsare bai tsinke ba. Biyu sun tafi wurin Bakari. Huɗu suna jirana. Dattijon nan kullum sai ya zo ya zauna a zaure ya miƙe ƙafa.

Laraba, 13 ga wata, bayan azahar

Iya Falmata ta aiko in zo. Na iske ta a inuwar rumbu, ta rame, ƙafa a kan turmi a kife. Baki kuwa bai rame ba.

"A'a, ɗan masunta! Ashe kana raye. Na ɗauka ni ce mai mutuwa, sai aka ce kai ne ka fi ni kwanciya."

Na ce, "Iya, sannu da jiki."

"Jiki ya gode. Matso." Ta kori jikokinta, ta rage murya. "Ka gaya wa wani?"

Na ce me?

"Kada ka mai da ni yarinya. Ranar nan na ce maka kai matsoraci ne, kana juya abu kamar mai tsoron kada ya cije ka, shinkafar kowa ta fito tawa ko yafi ban yi ba. Na ce in kai namiji ne ka ƙara juyi. Ka dube ni, ka ƙara."

Na sunkuyar da kai, ta ci gaba.

"Ni kuma da ka fita na ɗauki ƙwaryar iri na tafi fadama, bayan ka ce kada in taka ko ƙofar gida. Taɓo ya kama ƙafar, na fizge ta. Da na duba, tsinke na reto." Ta yi dariya har tari ya kama ta. "To wa ya tsinka shi, ni ko kai?"

Na ce Allah ne ya sani.

"Shi ke nan, mu bar masa. Na gaya wa ƙanena ni na kira ka, kuma ni na tafi fadama. Naka kuwa ban faɗa ba, ba kayana ba ne. Kai ka san inda za ka ajiye shi."

Alhamis, 14 ga wata, da walaha

Na ji zaren a yatsa ranar Larabar nan. Ya ce a dakata. Na ji.

Asabar, 16 ga wata, da la'asar

Saƙo ya zo, alƙali zai saurare mu jibi. Zainaba ta wanke mini riga. Ta ce ko ba a ba ni jakar ba ai gora na nan. Na ce mutumin da ya warkar da ƙafafun rabin fadamar nan ba zai koma warin kifi ba. Ta ce, "Da warin kifin na aure ka."

Litinin, 18 ga wata, bayan la'asar, a masauki cikin birnin Haɗeja

Bari in rubuta tun daga farko kafin wani abu ya zube.

Mun taso da sassafe, ni da Bulama da Bakari da liman. Da muka iso mashigi ruwa ya ƙaru, mai fito kuma ba ya nan, babban masakinsa kawai aka bari a gaɓa. Bulama da liman suka kama gora suka haye. Bakari ya tsaya yana duban ruwa kamar an ce masa kabarinsa ke nan. Na ce, "Baba, shiga, ɗan masunci zai tura." Ya naɗe wando har gwiwa ya shiga masaki ya rufe ido, yana ta salati. Na tura shi ina iyo. A tsakiya ya ce, "Zakar, kada ka tuna komai yanzu." Na ce ban tuna ba. Wajen fita ya zame a taɓo, wando ya jiƙe ya yi baƙi, dole ya bar shi a naɗe.

Haka muka shiga zauren alƙali. Tsoho ne ɗan siriri, yana zaune a buzu, magatakarda a gefensa. Bulama ya faɗi nasa, Bakari ya faɗi nasa, na faɗi nawa, har da tukwane.

Alƙali ya ce, "Malaminka ya koya maka rabi, bari in cika maka." Ya ƙirga da yatsu. A ƙasa duka Littafin Allah, sai sunnar Manzo, sai abin da malamai suka haɗu a kai. Waɗannan ba mai taɓa su, ko sarki. A kansu umarnin sarki yake zaune, a wuraren da suka bari a buɗe don amfanin jama'a. A kan na sarki maganar hakimi da bulama take, gwargwadon abin da aka ba su riƙo. Al'adar masu sana'a kuwa shari'a tana karɓarta hannu biyu, muddin ba ta yi karo da na ƙasa da ita ba.

Ya juya wurin Bulama. "Da ka ga an cutu ka riƙe jakar mutum har a bincika, ka yi daidai, aikinka ne. Amma da ka ce sai ɗan gado, ka sa sharaɗin da shari'a ba ta sa ba. Shari'a ba ta tambayi uban mai magani ba. Abu uku take tambaya. An ba shi izini? An san shi da sanin aikin? Hannunsa ya wuce iyaka? Wanda ya yi wa mutum magani ba a san shi da magani ba, abin da ya lalata yana wuyansa, ko kakansa na goma wanzami ne."

Na farko bai ɗauki lokaci ba. Bulama da kansa ya ce yayarsa ita ta kira ni, kuma ta faɗa gaban liman cewa ta tafi fadama bayan an hana ta.

Na biyu, na miƙe zaune na ce, "Allah ya gafarta malam, ƙafafun da na warkar..."

Ya ce, "Manomi zai ce ya warke, ba zai iya ce mini ko da sani aka warkar da shi ko da sa'a ba. Mai sana'a nake so ya yi maka shaida. Akwai?"

Mai sana'a ɗaya ne a zauren, yana zaune kamu biyu daga gare ni. Na ji maganar Zainaba a kunnena har da ƙarar rariyarta. Na dubi ƙasa na ce, "Babu."

Alƙali ya sauke ido. Sai na ga ba fuskokinmu yake kallo ba, ƙafafunmu yake bi ɗaya bayan ɗaya. Ya ja rigarsa ya nuna nasa ƙwaurin, ga tabon sakiya shirim. Ya ce, "Ni ma ɗan fadama ne, wannan tun ina neman karatu. Na Bulama ga shi irin nawa. Na liman irin nawa. Sarkin Aska, kai kuwa naka a idon sawun hagu, na kurkunu ne, ban yi kuskure ba. Amma ba wuta a jikinsa. Wane wanzami ne ya yi maka wannan aiki mai kyau haka? Ina son in san shi."

Bakari ya kai hannu zai saki wando, ya fasa. Alƙali ya ce, "Ba na son in kai ka masallaci rantsuwa, kai dattijo ne."

Bakari ya ce, "Ba wanzami ba ne, Allah ya gafarta malam." Ya nuna ni da haɓa, bai dube ni ba. "Wannan ne. Kwana goma sha tara. Abin ya fi kamu biyu, ya fito da shi ɗungum har wutsiya. Ya san aikin. Ni dai gidanmu nake tsare wa, 'ya'yana biyar ba su da gona sai zabira."

Bulama ya ce, "Ashe Gumel kusa take." Har magatakarda ya yi dariya.

Na ji kamar an sauke mini dami. Sai alƙali ya ce, "Saura ɗaya. Kai da bakinka ka ce juyi ɗaya a yini. Ranar nan sau nawa ka juya?"

Ba wanda ya sani sai Iya, ita kuma tana can ƙetaren kogi ta kulle bakinta. Jakar tana gaban alƙali, ina ganin bakin tsinkayena. Amma tsoho Bakari ya gama tuɓe kansa a gaban mutane saboda gaskiya, ni da nake cewa na fi shi in zauna a rufe?

Na ce, "Sau biyu."

"Don me?"

"An ce ni matsoraci ne."

Ya ce, "To ka ga inda jarumtaka ta kai ka." Ya yi hukunci. Ni masani ne da shaidar mai sana'a, an ba ni izini, a mayar mini da jakata, shelar gado ta faɗi. Amma hannuna ya wuce iyakar da ni na sa wa kaina, kuma ba a san tsakanina da taɓo wa ya tsinka ba. Tun da Allah ya tsare rai da ƙafa, sulhu ya fi: in riƙe gonar shinkafar Iya Falmata, yafi da noma da tsaron tsuntsu, har ta miƙe ta taka da kanta. Bulama ya ce ya yarda. Na ce na yarda.

Sa'an nan ya sa magatakarda ya rubuta takarda zuwa ga bulamomin fadama, ya ce zai kai fada, in an sa hatimi ta zama umarni. Mai cire kurkunu sai wanda masu sana'a suka shaida. Sai da izinin mai ƙafa. Juyi ɗaya a yini. In ya tsinke a kira wanzami a ranar, ba a kwana. Ya ce, "Ku ji da kyau, na ƙarshen nan biyu ba aya ba ne ba hadisi ba. Abin da hannun mutane ya gano ne, muka ɗaure shi don kada a manta. Ita ce ƙaramar tukunya. In gobe wani ya zo da abin da ya fi, a sauke ta a ɗora tasa."

Jakar tana kan cinyata yanzu ina rubutu. Na ƙirga tsinkayen, ba wanda ya ɓata. Man kaɗanyar ne kawai ya narke ya ɓata mini tsumma.

Talata, 19 ga wata, bayan azahar, a gida

Na sake tura Bakari a masaki. Wannan karon idonsa a buɗe. Da muka haye ya ce kunun gidana har yanzu tsamiya ta yi masa yawa. Na ce zan isar.

Kafin in sha ruwa na juya wa huɗun nan, kowa sau ɗaya. Dattijon ya ce, "Ka ƙara mana ko rabi, mu rama kwanakin da suka wuce." Zainaba daga cikin gida ta ce, "Baba, rufa mana asiri!"

Alhamis, 21 ga wata, da la'asar

Tun asuba ina gonar Iya Falmata. Ta sa an ɗauko ta an ajiye a gindin giginya, wai ta ga aikin bawanta. Ta ce yafina kamar mai ba kaji tsaba. Ta ce gefen can na bar fili. Ta ce da ma masunta ba su san ƙasa ba. Rabona da jin daɗin zagi irin na yau na manta.

Ta taka sau uku da sanda.

Litinin, 25 ga wata, bayan la'asar

Takarda ta iso da hatimi. Liman ya karanta a ƙofar Bulama, gari duka an taru. Sharuɗɗa huɗu, kamar yadda aka faɗa. Mutane suka yi ta juyowa suna dubana, na gyara zama.

Sai ya zo inda aka faɗi dalili. Wai an yi wannan ne bayan shari'ar da ta gudana tsakanin Bulaman Tudun Gauraka da Bakari Sarkin Aska da *wani ɗan masunci*.

Na ce liman ya sake karantawa. Ya sake. Wani ɗan masunci.

Zainaba ta ce in gode wa Allah, magatakarda ya rufa mini asiri, don duk wanda ya ji labarin zai san an yi dokar ne saboda wanda ya juya sau biyu. Bakari ma ya ce shi da za a cire nasa sunan da ya ba da tukuici.

Ban yarda ba. Jakata ta dawo, Iya ta taka, na gode wa Allah, na kuma gode. Amma takardar nan za ta shiga kowane gari daga nan har bakin ƙasar Borno, za a ajiye ta a gafaka, jikoki su karanta. Juyi ɗaya a yini ba a littafi aka samo shi ba, ba a zabirar kowa aka gaje shi ba. A yatsan nan aka same shi, shekara goma sha ɗaya. Wanda ya gano shi da wanda ya karya shi mutum ɗaya ne, kuma da bakinsa ya faɗa, ba a kai shi masallaci ba. In za a rubuta ɗaya a rubuta duka biyun, ba na gudun ko wanne.

Gobe in na juya wa mutanena, na zaga shinkafar Iya, zan kama gora in haye. Zan zauna a ƙofar magatakardan nan har ya jiƙa alƙalami. In tawada ce babu, na dafa tawa zan tafi da ita.

A kankare wani ɗan masunci. A rubuta Zakar ɗan Makinta, na Tudun Gauraka. Da wasali, yadda ba mai karanta shi ya ce wani ne.